Canki-canka, zube, Oski ko bakin gado: da wanne za ka auna ɗaliban jinya, kuma yaya za ka ɗaga wanda ya faɗi?

Ɗalibai biyu a aji ɗaya, kowacce ta ci maki 48 cikin 100 a jarrabawar ƙarshen zango, ga shi kuma 50 ne makin tsallakewa. A takardar sakamako an zagaye sunayensu da jan biro iri ɗaya, wanda bai san su ba zai ɗauka ciwonsu ɗaya ne. Da na zauna na bi takardun amsarsu tambaya bayan tambaya, sai na ga ba abin da ya haɗa su sai wannan 48 ɗin. Ta farko ta ci kusan duk abin da ya shafi sassan jiki da alamomin cututtuka, amma duk inda lissafin magani ya fito sai ta zube. Ta biyu lissafinta lafiya lau. Inda take faɗuwa shi ne tambayoyin da ake ba da labarin majinyaci sannan a ce "me za ki fara yi?" Ta san matakan duka, ba ta san wanda ke gaba da wani ba. Da an tara su a ajin ƙarin darasi an sake karanta musu manhaja daga farko, da an cinye musu makonni ba a taɓa inda ke musu ciwo ba.

Malamin makarantar jinya ba shi da lokaci ko yawan abokan aikin da zai gudanar da kowace irin jarrabawa yadda ya kamata. Dole ya zaɓi inda zai zuba ƙarfinsa. Hanyoyin da ke gabansa huɗu ne: canki-canka, tambayoyin zube, jarrabawar tashoshi da ake kira Oski, da kuma lura da ɗalibi a bakin gadon majinyaci. Ma'aunin da nake bi wajen kwatanta su guda ne: idan ɗalibi ya faɗi, wace hanya ce za ta gaya mini inda ya faɗi har in san abin da zan yi masa gobe da safe?

A 1990 wani likitan Amurka, George Miller, ya zana dala mai hawa huɗu wadda har yau masu koyar da aikin lafiya ke amfani da ita. A ƙasa akwai sani, samansa sanin yadda ake aiki da abin da aka sani, sai iya nunawa a gaban mai dubawa, can ƙoli kuma abin da mutum ke yi da gaske idan yana bakin aiki. Kowace daga cikin hanyoyin nan huɗu tana da hawan da take iya kaiwa, kuma yawancin zaluncin da ake yi wa ɗalibai yana faruwa ne idan aka auna hawa ɗaya aka yanke hukunci a kan wani.

Canki-canka

Mutane da yawa suna raina ta, suna cewa jarrabawar 'yan sa'a ce. Gaskiya ne idan zaɓi huɗu ne, wanda bai san komai ba zai iya tsintar kusan kashi 25 cikin 100 da canka kawai. Amma babu wata hanya da za ta ratsa manhaja gaba ɗaya cikin awa biyu kamar tambayoyi ɗari na canki-canka, kuma mai maki ba ya iya son kai ko da ya so. Aji ko na mutum nawa ne, a yini guda an gama.

Wahalarta tana wajen rubuta tambaya. Abu ne mai sauƙi ka tambayi yawan bugun zuciyar babban mutum mai lafiya a minti ɗaya, ɗalibi ya zaɓi 60 zuwa 100, ya wuce. Wannan hadda ce kawai. Tambayar da ke taɓa hawa na biyu ita ce wadda za ta kawo majinyaci da aka yi wa tiyata awa shida da suka wuce, bugun zuciyarsa na hawa, awon jininsa na sauka, jikinsa ya yi sanyi da gumi, sannan a tambayi matakin farko. Irin wannan tambaya ɗaya takan ci wa malami rabin awa kafin ta zauna. Hukumar da ke shirya jarrabawar lasisin nas-nas a Amurka ma sai da ta sauya fasalin jarrabawarta a watan Afrilun 2023, ta shigo da labaran majinyata masu bin mataki-mataki, don ta riƙa auna yadda sabon nas ke yanke shawara. Wani sauƙi kuma: nazarin da Michael Rodriguez ya yi a 2005, wanda ya tattaro binciken shekaru 80, ya nuna zaɓi uku masu kyau sun wadatar. Na huɗun da malami ke ƙagowa don cike gurbi, wanda ba ɗalibin da zai zaɓa, ba ya ƙara komai.

Abin da ya sa nake fifita canki-canka a matsayin ginshiƙi shi ne abin da za ka iya tona daga cikinta bayan an gama maki, kuma nan ne mafi yawanmu muke yin sakaci. Muna tara jimla, mu liƙa sakamako, mu ɗaure takardu mu ajiye. Alhali kowace tambaya tana ɗauke da labari biyu. Na farko, mutum nawa suka ci ta. Idan kashi 95 cikin 100 sun ci, ba ta bambance kowa ba, sai dai idan abu ne da dole kowa ya sani, kamar tabbatar da sunan majinyaci kafin ba shi magani. Idan kashi 15 ne kawai suka ci, ko dai ba a koyar da abin da kyau ba, ko tambayar ce mai ruɗani.

Na biyu, su wane ne suka ci ta. Tun 1939 Truman Kelley ya ba da shawarar a ware kashi 27 na sama da kashi 27 na ƙasa a kwatanta su. A ajin mutum 60, wannan na nufin 16 na sama da 16 na ƙasa. A ce a wata tambaya 14 daga na sama sun ci, 6 daga na ƙasa sun ci. Ka cire 6 daga 14, ka raba da 16, ka samu 0.5: tambaya ce mai kyau, tana tace masu sani daga marasa sani. Idan sakamakon ya gaza 0.2, a sake duba ta. Idan kuwa 5 ne suka ci daga na sama, 9 daga na ƙasa, to lissafin ya koma ƙasa da sifili, kuma kafin ka zargi kowane ɗalibi ka koma ka duba takardar amsoshinka. Sau da yawa a nan ake gano an rubuta amsar da ba daidai ba, ko kuma tambayar tana da amsa biyu waɗanda masu ƙoƙari ne kawai suka hango. Na taɓa samun irin wannan a jarrabawar da ni na rubuta, kuma gyaran tambaya ɗaya ya tsallakar da ɗaliban da ke bakin layi waɗanda da sun maimaita ba da laifinsu ba.

Amsoshin kuskure ma suna magana, idan an tsara su da niyya. Ɗauki ƙarin ruwa: mililita 1000 za a ba majinyaci cikin awa 8, da robar da ke ba da ɗigo 20 a kowace mililita. Amsa ita ce ɗigo 42 a minti. Ka sa 31 a cikin zaɓi, wanda ya ɗauke ta ya yi lissafi da ɗigo 15 ne, bai lura da irin robar ba. Ka sa 125, wanda ya ɗauke ta ya tsaya a mililita nawa a awa, bai ƙarasa ba. Ka sa 2500, wanda ya ɗauke ta ya manta bai mayar da awa minti ba, kuma bai tsaya ya tambayi kansa ko ɗigo 2500 a minti abu ne mai yiwuwa ba. Kurakurai uku ne daban, kowanne da maganinsa.

Zube

Ba zan daɗe a nan ba. Tambayar zube tana nuna yadda ɗalibi ke jera tunaninsa, kuma idan ana son ganin ko zai iya tsara shirin kula da majinyaci daga farko zuwa ƙarshe, babu kamarta. Sai dai tambaya biyar ba sa wakiltar karatun zango guda, wanda abin da ya karanta ya fito ya tsira, wanda nasa bai fito ba ya nutse. Ga kyan rubutun hannu da iya harshe suna sayen maki, ga mai maki da ke gajiya: takarda ta 50 ba ta samun idon da ta farko ta samu. Idan za a yi ta, a yi gajerun tambayoyi masu yawa, a rubuta jagorar maki tun kafin a buɗe takarda ta farko, a rufe sunaye, kuma a yi wa tambaya ɗaya maki a dukan takardu kafin a koma ta gaba. Ni dai ba na ba ta fiye da ɗan kaso na jimlar maki.

Oski

Ronald Harden da abokan aikinsa a Dundee ta Sikotland ne suka bayyana wannan tsari a 1975. Ana jera tashoshi, kowace da aiki guda na 'yan mintoci, da mai dubawa riƙe da takardar matakai. Ƙararrawa na kaɗawa, kowa ya matsa tasha ta gaba. Duk ɗalibai aiki iri ɗaya suke yi, a gaban idanu iri ɗaya. Hukumar nas-nas da ungozoma ta Birtaniya da ita take tantance waɗanda suka yi karatu a wata ƙasa, kuma tun 2021 tashoshi goma ne.

Gani ya kori ji. Na tsaya a tashar awon jini na ga ɗalibar da ke cikin na gaba-gaba a rubutu ta shigo hannunta na rawa. Ba ta gaishe da wanda ke zaune a matsayin majinyaci ba, ba ta gaya masa abin da za ta yi ba. Ta ɗaura abin awon a kan hannun riga, ta busa iska, sannan ta saki makullin gaba ɗaya, allurar ta faɗo fuu kafin kunnenta ya kama bugun farko. Ka'ida ita ce a sassauta a hankali, allurar awon na sauka da lamba 2 zuwa 3 a kowace daƙiƙa, kuma da a takarda aka tambaye ta da ta rubuta hakan ba gargada. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malama, 120 bisa 80." Lambar da ta haddace ta faɗa, ba wadda ta ji ba. Babu canki-cankar da za ta taɓa kama wannan, kuma irin wannan ne ke kai majinyaci ga halaka.

To amma Oski na cin mutane da lokaci. Tashoshi goma na nufin masu dubawa goma, da masu kwaikwayon majinyata, da mutum-mutumi, da kayan aiki da za a riƙa sabuntawa. Idan kowace tasha minti 6 ce da minti ɗaya na sauyawa, zagaye ɗaya minti 70 ne, kuma ɗalibai 60 na buƙatar zagaye shida, awa bakwai cur ban da hutu. Saboda haka makarantu kan rage tashoshin zuwa uku ko huɗu, kuma a nan amincin sakamakon ke zubewa. Iya ɗaura bandeji ba ya nuna iya yi wa majinyaci bayanin maganinsa. Tasha kaɗan, sa'a ta dawo ta ƙofar baya. Oski mai tasha huɗu tana da kyau a matsayin atisaye, amma ba zan yarda a kori ɗalibi ko a riƙe shi a kanta ba.

Akwai kuma cutar haddace takardar matakai. Ɗalibi ya shigo yana rera "na wanke hannuna, na sa safar hannu, na kare sirrin majinyaci" kamar aku, yana tara maki, alhali bai dubi fuskar wanda ke gabansa ba. Maganinta biyu: wanke hannu a yi shi da gaske, daƙiƙa 20 zuwa 30 da ruwan goge hannu kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, ba da baki ba, sannan a ƙarshen takarda mai dubawa ya ba da hukuncinsa na gaba ɗaya, ya faɗi, yana bakin layi, ko ya iya. Wannan hukunci yana da wani amfani kuma, domin daga makin waɗanda aka ce suna bakin layi ake iya fitar da makin tsallakewa na tashar. Lambar 50 da muka gada ba ta san ko jarrabawa mai wuya ce ko mai sauƙi ba. A rubutacciyar jarrabawa ma akwai hanyar William Angoff ta 1971, inda malamai ke bin tambayoyi ɗaya-ɗaya suna ƙiyasta kashi nawa na ɗalibai masu ƙaramar cancanta za su ci kowacce, sai a haɗa a fitar da layi. Zaman awa biyu ne na malamai biyar ko shida, kuma ya fi gardamar da ke biyo bayan sakamako sauƙi.

Bakin gado

Nan ne ƙolin dalar, inda majinyaci na gaske yake jin zafi na gaske, danginsa na tsaye, aiki ya yi yawa. Da a ce ana yin sa yadda ya kamata da ya fi sauran duka. Matsalar ita ce yadda ake yin sa. Sistar da ke kula da ɗaki cike da majinyata ba ta da sukunin tsayawa kan ɗaliba, sai ranar ƙarshe a kawo mata littafin aiki ta sa hannu a shafuka goma a tsaye. Ga kuma nauyin ido: mutumin da kuka yi makonni kuna aiki tare, ya yi ladabi, ya yi aike, yana da wuya ka rubuta cewa bai iya ba. Kathleen Duffy ta yi bincike kan wannan a Birtaniya a 2003, ta nuna yadda masu horarwa ke tsallakar da ɗaliban da su kansu suke shakkar cancantarsu. Ba halin wata ƙasa ɗaya ba ne, halin ɗan Adam ne.

Gyaran da ya fi aiki shi ne a gutsuttsura lurar. Tsarin da hukumar likitocin cikin jiki ta Amurka ta fito da shi a tsakiyar shekarun 1990 shi ne a tsaya kan mai koyo na kamar minti 15 zuwa 20 yana aiki guda, da izinin majinyaci, a cike gajeriyar takarda, a ja shi gefe a yi masa bayani nan take. A maimaita sau da yawa, da masu dubawa daban-daban, a kan majinyata daban-daban. Sista ɗaya za ta iya yin kara, amma shida ba za su yi kara iri ɗaya ba.

Bayan an gano inda ya faɗi

Zaɓi na biyu da ke gaban malami shi ne tsakanin sake koyarwa da sake gwadawa. Zuciya ta fi karkata ga sake koyarwa, ɗalibai ma ita suke roƙo, domin zama a saurara ko a sake karanta littafi yana sa mutum ya ji kamar ya iya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada wannan da ɗaliban jami'a a Amurka. Wasu sun karanta rubutu sau biyu, wasu sun karanta sau ɗaya sannan aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu karatu biyu ne a gaba, kashi 81 da 75. Bayan mako guda lamarin ya juye: waɗanda aka gwada sun riƙe kashi 56, masu maimaita karatu 42. Ƙoƙarin zaƙulo abu daga ka shi ke kafa shi. Nas kuwa ba bayan minti biyar take buƙatar iliminta ba, bayan shekaru ne, da tsakar dare.

Don haka na fi son tambayoyi goma a farkon kowane mako, waɗanda ba sa shiga makin ƙarshe, a cakuɗa na darasin jiya da na watan jiya, a tattauna amsoshin kafin a tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibar da za ta faɗi a ƙarshen zango takan bayyana tun mako na uku idan ana irin wannan gwaji. Sake koyarwa kuma yana da wurinsa: idan tambaya ta kayar da na sama da na ƙasa baki ɗaya, wannan ba laifin ɗalibai ba ne, darasin ne bai shiga ba, sai a koma allo.

Kafin a ɗora wa ɗalibi komai, a duba ko rashin sani ne ma ya kayar da shi. Idan tambayoyi 15 na ƙarshe babu amsa, lokaci ne ya ƙure masa. Idan ka karanta masa tambayar da baki ya amsa daidai, harshen da aka rubuta ta ne ya ruɗa shi. Idan yana yin aiki tsaf a ɗakin atisaye amma ya rikice da jin ƙararrawa, tsoro ne, kuma maganinsa ya saba da ƙararrawar. Wani kuma daga aikin dare ya shigo zauren jarrabawa. Kalmar "ki ƙara ƙoƙari" ba ta warware ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke aiki shi ne zama na minti goma da takardar a gabanku, ka fara tambayar ɗalibar yadda ta ga aikin nata, sannan ku tsayar da abu ɗaya ko biyu da za ta gyara, da ranar da za ku sake dubawa.

Idan aka ce in zaɓa, ga inda na tsaya. A shekarar farko, aji babba, malamai kaɗan, ƙarfi ya tafi ga canki-canka mai labarin majinyaci, a tona ta bayan kowace jarrabawa, a haɗa da gwajin mako-mako. Dab da fara shiga ɗakunan majinyata, a tattara duk malaman da ake da su a yi Oski cikakkiya ko da sau ɗaya ne, domin a nan ne kuskuren hannu bai cutar da kowa ba tukuna. A shekarar ƙarshe nauyi ya koma bakin gado, da gajerun lura masu yawa. Hukuncin riƙe ɗalibi ko sallamarsa kuma kada ya rataya a kan hanya guda.

Waɗancan biyun masu maki 48, ta farko an ba ta lissafi biyar kowace rana na mako uku, tana yi da robar ƙarin ruwa a hannu da agogo a gabanta, tana ƙirga ɗigon da ta lissafa. Kuskurenta ɗaya ne ashe, mayar da awa minti, kuma a mako na biyu ya ɓace. Ta biyu kullum sai in ba ta labarin majinyaci guda biyu in ce, "Me za ki fara yi, kuma don me?" Tana farawa da numfashi, sai zagayawar jini, sai sauran. Nata ya fi jinkiri. A jarrabawar maimaici ta tsallake da ƙyar, sai muka rubuta wa sistar ɗakin da za a tura ta cewa a riƙa sa ta faɗi matakinta na farko da baki kafin ta taɓa majinyaci, muka kuma sa ranar sake duba ta bayan mako huɗu.